Wasiƙa da Almakashin Edita: Yadda Aka Buga Wasiƙar Gidan Kason Birmingham (1963)

Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan maƙala ita ce mu bi sawun wasiƙa guda, tun daga hannun mai ita har zuwa idon mai karatu, domin mu ga abin da ke samun magana a kan ƴancin ɗan ƙasa idan ta ratsa ta ofishin jarida. Wasiƙar ita ce wadda Martin Luther King ya rubuta a gidan kason Birmingham, cikin jihar Alabama ta ƙasar Amurka, mai ɗauke da kwanan wata 16 ga Afrilu 1963. Mun zaɓe ta ne domin an san tarihin buga ta daki-daki, da ranaku da sunayen jaridu, alhali kuwa wasiƙun talakawa da editoci ke datsewa kullum ba sa barin wata alama, tun da ainihin takardar ta kan ƙare a kwandon shara. Abin da muke son nunawa shi ne, almakashin edita yana da inda ya fi so ya ci. Ya kan kama wurin da aka ambaci rana da suna da abin da hukuma ta aikata, ya ƙyale wa'azi. A wasiƙar da ta shafi ƴanci kuwa, hujjar tana daidai wurin da almakashin ke nufa.

Abin da ya jawo wasiƙar

A farkon shekara ta 1963 Birmingham tana cikin biranen da wariyar launin fata ta fi tsanani a kudancin Amurka. Ƙungiyar Fasto Fred Shuttlesworth ta garin ta gayyato ƙungiyar King, wato SCLC mai mazauni a Atlanta, domin su haɗa ƙarfi su matsa wa ƴan kasuwa da hukumar gari. An soma ranar 3 ga Afrilu, kwana ɗaya bayan zaɓen magajin gari inda Albert Boutwell ya kayar da Eugene Connor, wanda aka fi sani da Bull Connor, kwamishina mai riƙe da ƴan sanda da ƴan kwana-kwana. To amma Connor da abokan aikinsa suka ƙi sauka, magana ta tafi kotu, gari ya zauna da hukuma biyu na tsawon makwanni, ƴan sanda kuma suna hannun Connor.

Dokar garin ta ce ba a jerin gwano sai da takardar izini, kuma hukumar gari tana iya hana takardar idan a ganinta zaman lafiya, ko tarbiyya, ko lafiyar jama'a, ko ma jin daɗinsu kawai, ya buƙaci haka. Ranar 3 ga Afrilu wata mamba a ƙungiyar Shuttlesworth, Lola Hendricks, ta je wurin Connor neman izini, ya kore ta. Ranar 5 Shuttlesworth ya buga masa tangarahu, ya amsa da cewa ba shi kaɗai ke bayarwa ba, sai hukumar gaba ɗayanta. Ranar 10 hukuma ta samo daga alƙali W. A. Jenkins umurnin hana jerin gwano, ba tare da an saurari waɗanda aka hana ba. Ranar 12, wato Juma'ar da ke gabanin idin Ista na Kirista, King ya fita, aka kama shi tare da Ralph Abernathy.

A wannan rana ce malaman addini takwas, dukansu farar fata, suka fitar da wata gajeruwar sanarwa ta ƴan ɗaruruwan kalmomi, wadda jaridar Birmingham News ta buga: bishop-bishop Carpenter da Murray da Durick da Harmon da Hardin, fastoci Ramage da Stallings, da limamin Yahudawa Grafman. Ba su ambaci sunan King ba. Sun ce zanga-zangar ba ta da hikima, kuma ba lokacinta ba ne, sun ce baƙi daga waje suna cikin masu jagorancinta, sun yi kira ga baƙar fatar garin da su janye su bi ta kotu da teburin sulhu, sannan suka yaba wa ƴan sanda a kan yadda suka riƙe al'amarin cikin natsuwa. An shigar wa King da jaridar a kaso. Ya soma rubuta amsa a gefen shafinta, kamar mai yi wa matani hashiya, ya ci gaba a kan guntayen takardun da wani fursuna ya ba shi, ya ƙarasa a kan littafin rubutu da lauyoyinsa suka samu izinin bar masa. Lauyoyin suka riƙa fitar da guntayen, Wyatt Tee Walker yana warware rubutun yana jera shi, sakatariya Willie Pearl Mackey tana bugawa da tafireta. Abin da ya fito ya kai kimanin kalmomi 7,000.

Hanya huɗu ta taɓa wasiƙa

Kafin mu shiga batun editoci, ya kamata mu kau da wani zato. Babu wani asalin rubutun hannu da za a ajiye a gwada sauran bugu da shi, domin guntayen takardun ba su tsira ba. Kuma ko da yake an sa wa wasiƙar sunayen malaman nan takwas, masanin tarihi Jonathan Bass, wanda ya bi takardunsu a littafinsa na 2001, ya nuna cewa tun farko ƴan jarida aka nufa da ita, su malaman a bugu suka gan ta kamar kowa. Ke nan wasiƙa ce da aka haifa domin jarida, ta dogara ga jarida, ba ta da wata hanyar kai wa ga jama'a in ba ta hannun edita ba.

Edita na farko da ta fuskanta ya ƙi ta ɗungurungum. Harvey Shapiro, ɗaya daga cikin editocin mujallar Lahadi ta New York Times, shi ya nemi King ya rubuto wasiƙa daga kaso, amma da ta iso sai manyansa suka ƙi bugawa. Domin a fahimci yanayin da aka yanke wannan shawara, sai a koma shekara uku baya. Ranar 29 ga Maris 1960 jaridar ta buga wata talla ta neman taimako ga King da ɗaliban kudu, a cikinta akwai ƴan kurakurai ƙanana game da abin da ya faru a Montgomery. Kwamishinan ƴan sandan garin, L. B. Sullivan, wanda tallar ba ta ambaci sunansa ba, ya kai ƙarar ɓata suna, kotun Alabama ta ba shi dala 500,000, kotun ƙolin jihar ta tabbatar a 1962. Shi ma Connor da abokansa sun kai jaridar ƙara saboda rahoton Harrison Salisbury na Afrilun 1960 a kan Birmingham. Kotun Ƙolin Amurka ba ta soke hukuncin Sullivan ba sai ranar 9 ga Maris 1964. Wato a lokacin da wasiƙar King ta sauka a kan teburin editocin, hukuncin yana nan daram a kansu. A cikin wasiƙar kuwa, kusa da ƙarshe, King ya mayar wa malaman martani a kan yabon ƴan sanda: ya yi maganar karnuka da aka sakar wa mutanen da ba su da makami, da ture tsofaffin mata da ƴan mata, da marin tsofaffi da yara maza, da hana fursunoni abinci don sun so yin addu'a tare. A ganinmu wannan sakin layi, a Alabama ta 1963, gayyatar sammaci ne. Maganar Saint Augustine a kan cewa dokar zalunci ba doka ba ce babu wanda zai kai ta kotu. Maganar karen ɗan sanda kuwa ana iya kai ta. Nan ne tushen abin da muka faɗa a gabatarwa: dokar ɓata suna tana kama abin da aka ce ya faru a rana kaza ta hannun wane, saboda haka edita mai tsoron kotu ya san sarai inda zai sa almakashi.

An saki King ranar 20 ga Afrilu, wasiƙar kuma ta zauna kusan wata guda babu wanda ya kula da ita. Abin da ya sauya al'amari ya faru ne a kan titi. Ranar 2 ga Mayu ƴan makaranta suka fito da yawa, washegari Connor ya sa aka sakar masu karnuka da ruwan mesar kashe gobara, hotunan suka zagaya duniya. Ranar 10 aka sanar da yarjejeniya da ƴan kasuwa, ranar 11 da dare aka tayar da bam a masaukin King da gidan ƙanensa. Sai a ranar 19 ga Mayu mujallar Lahadi ta New York Post ta buga manyan sassa na wasiƙar, ba tare da iznin mai ita ba. Wannan shi ne karo na farko da jama'a da yawa suka karanta ta, kuma a datse suka karanta ta. Abin lura a nan shi ne, Post ta lokacin, a hannun Dorothy Schiff, jarida ce mai goyon bayan gwagwarmayar baƙar fata. Masoyi ne ya datse, kuma ba za mu musa ba cewa datsewar ta yi wa wasiƙar rana, domin ita ta fito da ita daga duhu. Bayan haka ne cikakkiyar ta fito ta ƙananan kafofi: ƙungiyar Kwekas ta American Friends Service Committee ta buga ta a ɗan littafi, mujallar Liberation a watan Yuni, Christian Century ranar 12 ga Yuni, New Leader ranar 24. Manyan jaridu masu ɗimbin masu karatu sun ba da guntu ko sun ƙi, ƙananan mujallu masu masu karatu kaɗan su suka ba da duka.

Hanya ta uku ita ce sauya kanu. A watan Agusta mujallar Atlantic Monthly ta buga wasiƙar ƙarƙashin wani sabon kanu mai ma'anar cewa baƙar fata ɗan'uwanka ne. Kanu bai rage kalma ko ɗaya daga jikin rubutu ba, amma ya sauya wanda ake magana da shi da kuma abin da ake nema a wurinsa. King ya rubuta ne daga kaso, yana tuhumar mutane takwas sanannu da wani laifi sananne, wato cewa sun ce a jira. Sabon kanun ya ɗauke kason, ya ɗauke Birmingham, ya mayar da tuhuma ta zama nasiha a kan zumunci, irin wadda mai karatu zai gyaɗa kai ya yarda da ita ba tare da ta taɓa shi ba. Masu karatunmu da suka tashi da tarihin Faransa za su tuna cewa Emile Zola ma bai sa wa wasiƙarsa ta 13 ga Janairu 1898 kanun da aka san ta da shi ba. Shi wasiƙa ce ya rubuta zuwa ga shugaban ƙasa Félix Faure. A ofishin L'Aurore ne, inda Clemenceau yake, aka ɗauko kalmar tuhuma daga ƙarshenta aka kafa ta a sama. Can kanun edita ya ƙara wa wasiƙa kaifi, nan ya rage mata. Duka biyun dai hannun edita ne, kuma sunan marubuci ne a ƙasa.

Ta huɗu ita ce hannun mai wasiƙar da kansa. A 1964 King ya sa ta cikin littafinsa Why We Can't Wait, ya kuma faɗa a wani ɗan bayani cewa ya yi mata gyaran fuska. Wannan bugu shi ne mafi yawan littattafan makaranta suka kwafa, har kanunsa ya ɗan bambanta da na ɗan littafin 1963. Wanda ke ambato daga wasiƙar ba tare da ya faɗi bugun da ya ɗauka ba ya bar mai karatunsa cikin duhu.

Abin da ake yarwa

Idan muka dubi wasiƙar a matsayin mai almakashi, za mu ga ta kasu gida biyu. Akwai jimlolin da ke iya tsayawa su kaɗai, irin wanda ke cewa zalunci a wuri guda barazana ne ga adalci a ko'ina. Waɗannan su ake ji kowace shekara tun da aka fara hutun tunawa da King a 1986, kuma kowane ɗan siyasa na iya ɗaukarsu ya yi ado da su, har wanda ke adawa da duk abin da King ya nema. Akwai kuma sassan da ba sa tsayawa sai da Birmingham. A cikinsu ne King ya ba da lissafi: cewa a watan Satumban 1962 an zauna da ƴan kasuwa, sun yi alkawarin cire allunan wariya daga kantunansu, aka dakatar da zanga-zanga, su kuma suka saɓa, cewa an ɗage fita saboda zaɓen watan Maris, aka sake ɗagewa saboda zagaye na biyu, don kada a ce sun dagula zaɓe, cewa akwai gundumomi a Alabama inda baƙar fata suka fi yawa amma babu ko mutum ɗaya daga cikinsu a rajistar zaɓe. Malaman sun ce ba lokacinta ba ne, kuma a bi ta sulhu. Amsar wannan zargi ba ta cikin kyakkyawar jimla, tana cikin wannan lissafi na watanni da alkawuran da aka karya. In an cire shi, abin da ya rage shi ne mutum mai zaƙin baki da ya ƙi haƙuri, wato daidai siffar da abokan gabarsa suka ba shi.

Sakin layin da ya fi kowane shafar ƴancin ɗan ƙasa gajere ne ƙwarai, ba shi da wani armashi. A cikinsa King ya ce an kama shi ne bisa laifin jerin gwano babu izini, ya yarda cewa babu aibu ga dokar da ta nemi a karɓi izini, amma ya ce irin wannan doka ta kan zama ta zalunci idan aka yi amfani da ita domin riƙe wariya da hana ƴan ƙasa ƴancin taruwa cikin lumana wanda gyara na farko na tsarin mulkin Amurka ya ba su. Jimla uku ne kacal a cikin kalmomi 7,000, kuma su ne suka faɗi takamaiman haƙƙin da aka tauye da takamaiman hanyar da aka bi aka tauye shi. Za mu koma kansu a gaba.

Shi kansa tsawon wasiƙar hujja ne. A tsakiyarta akwai jimla guda mai fiye da kalmomi 300, inda King ya jero abubuwan da baƙar fata ke gani: kisan gilla, talauci, ƴarsa ƴar shekara shida da ya kasa bayyana wa dalilin da ba za ta je wurin wasan yara da ta gani a talabijin ba, kwana cikin mota a kan hanya don babu masaukin da zai karɓe shi, kiran matarsa da mahaifiyarsa ba tare da laƙabin girmamawa ba. Bai kawo ƙarshen jimlar ba sai da ya sa mai karatu ya jira har numfashi ya ƙare masa, sannan ya ce to ga dalilin da jira ke yi masu wuya. Wanda ya rage wannan jimla zuwa misali biyu bai yi ƙarya ba, amma ya cire wa mai karatu jiran. A ƙarshen wasiƙar ma King ya nemi gafara a kan tsawonta, ya ce da a kan teburi mai daɗi yake da ta fi haka gajarta, amma wanda ke zaune shi kaɗai a ƙuntataccen ɗaki ba shi da abin yi sai dogon rubutu da dogon tunani. Tsawon shaida ne na inda aka rubuta ta.

Datsewa ta cuci ɗaya ɓangaren ma, kuma adalcin tarihi ya sa mu faɗa. King ya ware Earl Stallings da suna, ya yaba masa a kan karɓar baƙar fata a majami'arsa ba tare da wariya ba, ya kuma yaba wa shugabannin Katolika na jihar a kan buɗe kwalejin Spring Hill ga kowa. Mutanen nan takwas suna cikin waɗanda, a Janairun 1963, suka fito fili suka yi kira a bi hukuncin kotu a kan haɗe makarantu, daidai lokacin da Gwamna George Wallace ya hau mulki yana rantsuwa da wariya har abada. Ramage da Stallings sun bar Birmingham daga baya bayan matsin lamba daga masu ra'ayin wariya na majami'unsu, Durick kuma ya koma Tennessee ya zama mai goyon bayan gwagwarmayar a fili. Wannan bai wanke sanarwarsu ta 12 ga Afrilu ba. King ya yi gaskiya da ya ce mai sassaucin ra'ayin da ya fifita kwanciyar hankali a kan adalci yana iya fin maƙiyi na fili zama cikas. To amma tarihi ya taƙaita su zuwa kalma biyu daga sanarwarsu, kamar yadda ya taƙaita shi zuwa jimla biyu daga wasiƙarsa.

A nan za mu ɗan ratse. Taƙaitawa ba baƙon abu ba ne a ilminmu, sana'a ce mai daraja, kuma duk almajirin da ya kai ga Muhtasar na Halil ya san haka. Sai dai mai muhtasari ya kan sa sunansa, ya ce taƙaitawa ya yi, almajiri kuma ya san dole ya koma ga sharhi da bakin malami. Mai taƙaitawar jarida ba a san sunansa ba, sau da yawa ba ya sa ko ɗigo uku a inda ya yanke, sannan ya bar sunan wani a ƙarƙashin abin da shi ya zaɓa.

Abin da doka ta ce

Shin akwai dokar da ke kare mai wasiƙa daga almakashi? A nan Faransa da Amurka sun rabu hanya. Faransa ta san haƙƙin mayar da martani, wato droit de réponse, tun dokar 25 ga Maris 1822, kuma dokar ƴan jarida ta 29 ga Yuli 1881 ta tabbatar da shi a sashe na 13: duk wanda jarida ta ambata ko ta nuna, dole shugaban jaridar ya buga amsarsa, a wuri ɗaya da harufa iri ɗaya da na rubutun da ya jawo ta, cikin kwana uku idan jaridar ta kullum ce. Kotunan Faransa sun ɗauki amsar a matsayin abu guda da ba ya rabuwa: edita na iya ƙin ta bisa dalilan da shari'a ta sani, amma ba shi da ikon datse ta. Sai dai gyaran 1919 ya sa mata iyaka, ba ta wuce tsawon rubutun da ake amsawa, ko da yake tana iya kai layi 50 in rubutun bai kai haka ba, kuma ba ta taɓa wuce layi 200. Idan muka gwada wannan ma'auni a kan Birmingham, sai mu ga abin mamaki. Malaman ba su ambaci sunan King ba, sai ya fara tabbatar da cewa shi ake nufi da baƙo daga waje. In ya yi nasara, amsarsa ba za ta wuce tsawon gajeruwar sanarwarsu da yawa ba. Su kuwa, da yake ya jera sunayensu, haƙƙinsu a kan duk jaridar da ta buga shi ba shi da gardama. Dokar tana hana edita yanka, amma ta sa marubuci ya yanka da hannunsa tun kafin ya aika. Haka kuma tana kare mutuncin wanda aka taɓa ne kawai. Ɗan ƙasar da ya rubuto a kan haƙƙin jama'a ba tare da an ambace shi ba, wasiƙar mai karatu ce ya aiko, edita na da ikon yin yadda ya so da ita.

Amurka kuwa ta ƙi wannan haƙƙi ga jaridu. Jihar Florida tana da doka tun 1913 mai tilasta wa jarida buga amsar ɗan takarar da ta soka. Pat Tornillo, shugaban ƙungiyar malaman makaranta kuma ɗan takarar majalisar jiha a 1972, ya nemi Miami Herald ta buga amsarsa, ta ƙi. A 1974 Kotun Ƙoli, baki ɗaya, ta soke dokar, tana mai cewa zaɓen abin da zai shiga jarida aikin edita ne, gwamnati ba ta da hannu a ciki. Ke nan gyaran tsarin mulkin da King ya kafa hujja da shi domin ƴancin taruwa, shi ne kuma ya kare ikon edita na ƙin wasiƙarsa ko datse ta.

Nijar ta gaji tsarin Faransa, kuma haƙƙin mayar da martani ya shiga dokokinta na ƴan jarida, har da dokar 4 ga Yuni 2010. Amma abin da ya fi shafar ɗalibanmu na tarihi shi ne hanyar aiki. Da yawa daga cikinsu suna ɗaukar shafin wasiƙu na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta soma fita a Zariya a 1939, ko na jaridu masu zaman kansu da suka ɓullo a Yamai tun daga Haske a 1990 zuwa zamanin Taron Ƙasa na 1991, su ce ga ra'ayin jama'a. Abin da ke shafin shi ne abin da ya rage bayan zaɓe da yanka. Idan wasiƙa ta yi kuka da zalunci a dunƙule, ba ta ambaci gari ko rana ko mai muƙami ba, bai kamata a yi saurin cewa marubucin ne matsoraci ko maras hujja ba.

Komawa ga takardar izini

Akwai mai almakashi na ƙarshe, wato kotu. A shari'ar Zola ta Fabrairun 1898 ministan yaƙi bai kai ƙarar wasiƙar gaba ɗaya ba, ya tsinci ƴan layuka kawai, waɗanda suka ce kotun soja ta wanke Esterhazy bisa umurni, domin kada a buɗe maganar Dreyfus a gaban alƙali. Aka yanke wa Zola shekara ɗaya da tarar faran 3,000. A Birmingham ma haka aka yi. Da aka gurfanar da King da abokansa bisa laifin raina kotu, alƙali Jenkins ya ƙi sauraren batun ko dokar izinin ta dace da tsarin mulki, ya ce tambaya biyu ce kawai a gabansa: ko kotu na da hurumin ba da umurnin, da kuma ko sun saɓa shi da saninsu. Ya yanke masu kwana biyar da tarar dala 50. Ranar 12 ga Yuni 1967 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin da rinjayen alƙali biyar a kan huɗu, alƙali Potter Stewart ya rubuta cewa ko da umurnin kotu yana da rauni, hanyar ita ce a ɗaukaka ƙara, ba a take shi ba. Shugaban kotun Earl Warren yana cikin huɗun da suka ƙi. A ƙarshen Oktoban 1967 King ya koma Alabama ya shiga kaso.

Batun da aka datse ya iso gaban kotun ta wata ƙofa, ta shari'ar Shuttlesworth, wanda aka hukunta bisa dokar izinin ita kanta saboda jerin gwanon wannan Juma'a ta 12 ga Afrilu. Ranar 10 ga Maris 1969 kotun ta soke hukuncin ba tare da ko alƙali ɗaya ya saɓa ba. Stewart ɗin nan ne ya rubuta, ya ce dokar ta ba hukumar gari ikon hana taro yadda ta ga dama ba tare da wani ma'auni ba, ya kuma kafa hujja da korar Lola Hendricks da amsar tangarahun 5 ga Afrilu domin nuna yadda aka yi aiki da ita. An kashe King a Memphis ranar 4 ga Afrilu 1968, wata goma sha ɗaya kafin wannan hukunci.